Ranar da Mode Ya Juya wa Gwanjo Baya

"...Lahiya lau. Ina gajiya, ina ɗiya, ina bawan Allah nan da ke haƙuri da ke shekara ashirin?"

"Shina gaishe ka. Yac ce in tambaye ka ko har yanzu aron wando kake in za ka biki."

Haka Mode da Ikilima suka fara, tun ba mu cire takalma ba. Sunana Sale, gyaran injin ban ruwa nake yi a bakin tashar Wurno, kuma da son raina ne da ban bar rumfata ba. Mode ne ya jawo ni. Injinsa ya mutu, sau uku ina buɗe shi, a na uku na ce masa ya kai wa masu gwangwan. Albasarsa tana can fadama wajen Magarya, kwana huɗu ba ta ga ruwa ba, maƙwabcin da ke ara masa inji kuma ya gaji. In aka ƙara kwana uku a haka, noman bana ya tafi. Sabon inji ya fi ƙarfin aljihunsa.

Ikilima ce ta zo da labarin cewa wani kamfanin noma ya tashi daga Goronyo, an zuba kayansa a gwanjon intanet, har da injuna. Malamar firamare ce, 'yar kawun Mode, wato taubashiyarsa, kuma ita ke da waya mai iya wannan aikin. Ni ban yarda da hoto ba. Ranar da aka ware don duba kaya na hau babur na je Goronyo, na ja igiyar inji na bakwai da hannuna, ya tashi a ja na biyu. Shi muka zo nema. Ƙarfe biyar na yamma za a rufe, mun shiga zauren gidan kawunsa saura minti ashirin da biyar.

"Zamna nan ƙasa, bawana," in ji Ikilima. "Tabarma ta Sale ta, shi baƙo na."

"Wa ab bawanki? Ke da anka so a liƙa mani, nic ce ko da buhun gero goma ba ni ɗauka."

"Kai da kaz zo tambaya da goro biyu, guda ma da tsutsa?"

"Tsutsar ita ta sadakinki, har da canji."

Na ce, "Ku duba agogo."

Ta juyo da wayar. Ga hoton injin, ga lambobi suna raguwa a ƙarƙashinsa.

"To ga shi. An kai shi dubu tamanin."

Mode ya gyara hula, ya tsuke fuska irin ta masu saye. "Taya shi hamsin."

"Mi?"

"Hamsin. Daga ƙasa a ka hwarawa."

"Mode, an wuce tamanin. Nan ba a komawa baya. Wanda duk zai magana sai shi ɗora dubu biyat bisa na gabanai."

"Wa ya aza wagga doka?"

"Masu gwanjon."

"To ki ce musu Mode na Magarya yac ce hamsin. Sun san ni."

"Sun san ka ƙwarai. Jiya ma sun yi taro a Legas kan albasarka, sun ce ba su taɓa ganin gujiya mai yaji ba."

"Albasata? Bara guda ɗaya munka aza ga jaki, sai da jakin ya nemi hutu a Kwargaba."

"Warin hammatarka ya kada shi."

Mode ya matso da bakinsa kusa da wayar, ya ɗaga murya. "Injin ga tsoho na! Dubi tsatsa! Wa ka sayen wanga? Ko kyauta anka ba ni sai na yi shawara!"

"Da wa kake?" in ji ta.

"Da mai kaya. Sai an kushe kaya suke sauka."

"Ba ya jin ka."

"Kurma na?"

"Babu kowa ciki, Mode. Na'ura ta ka lissahi."

"To mi as amfanin ciniki da wanda ba ya jin zagi?"

Na ce, "Tsatsar a murfin tanki kawai take. Injin lafiya lau. A sa tamanin da biyar."

Ya harare ni kamar na tona masa asiri a gaban surukai. "Sale, kai da ni munka zo ko da su?"

"Da albasarka na zo."

Ya yi tsaki, ya ɗaga mata yatsa. Ta danna. Rubutun ya koma kore, alamar mu ne a sama. Mode ya miƙe ƙafa ya fara taɗin yadda ya taɓa sayen bajimi a kasuwar Gandi.

"Tun hantsi nike ja da mai shi. Da la'asar sai da ya bar mani san, ya ƙara mani igiya, ya ba ni kuɗɗin mota, ya raka ni yana ba ni haƙuri."

"Na ji labarin. An ce da kunka iso gida, Inna ta ɗauka kare na ya biyo ka."

"Hassada ta. Ku mutanen gidan ga ko kaza ba ku iya saye ba."

"Mun iya sayen bayi dai. Ga ka."

Wayar ta yi ƙara. Koren ya koma ja.

"An wuce ka," in ji ta. "Casa'in."

Ya zabura. "Wa?"

"Mai lamba arba'in da bakwai."

"Ɗan wa na?"

"Ba a rubuta ba."

"Ƙaƙa za a yi mutum shi shigo cinikina ba sallama, ba suna? Nemo mani ubanai. In ɗan Rabah na, na san limaminsu. In ɗan Goronyo na, matar ƙanena ta can ta. In tahi in gaishe shi, in ce ɗan'uwa bar mani, albasa na ka mutuwa."

"Kila ma yana Kano. Kila mace ta."

"Mace? Ikilima, ko ke ta?"

"Ni da wane hannun? Guda na riƙe da waya, guda na toshe hanci."

Muka sa casa'in da biyar. Kafin Mode ya gama gyara zama, arba'in da bakwai ya koma ɗari cif.

"Kai! Wanga ba ya ko numfashi?"

"Ba shi na ka dannawa ba kowane karo," in ji ta. "Saurara, ko Allah ya sa kanka shi ɗauka. Akwai wuri nan da mutum ka rubuta iyakar abin da zai iya biya. Ba wanda ka gani. In wani ya taya, na'urar ta ɗora maka biyat da kanta, tana bi kaɗan-kaɗan, ba ta wuce iyakarka. In wancan ya gaji tun da wuri, abin da anka tsaya kai shi za ka biya, ba duka ba. Gaya mani naka in sa, mu huta."

Mode ya dube ta, ya dube ni, ya fashe da dariya har da dukan cinya.

"In gaya ma mai kaya abin da ke aljihuna? Tun da nike, ko matata ba ta san wanga ba."

"Ai ta sani. Tana cewa iska da ɓawon gyaɗa."

"Na rubuta ɗari da kaza, shi kuma shi ce a'a Malam Mode, riƙe sauran? A wace duniya?"

"Haka tsarin yake."

"Tsarin 'yan damfara. Kin taɓa ganin kura ta maido canji?"

"Na taɓa saye nan, Mode. Keken ɗinkin da ke ɗakina nan nis same shi. Kuɗɗin kafin alƙalamin da anka ce a aje kahin a shiga ma ni nib biya maka, ban ji ka yi godiya ba."

"Baiwa ba a yi mata godiya, lada a ka ba ta."

Na duba agogon. Saura minti tara. Na shekara talatin ina gyara wa mutane inji, kuma abin da na lura da shi shi ne mai yawan bayani shi ke zuwa da inji mafi lalacewa. Na ce masa, "Mode, ko ka faɗi, ko mu tashi. Ina da aiki."

"Kai ma ba ka san ciniki ba, Sale. Ƙarfe kas sani. Ku tsaya ku ga aikin manya."

Ya miƙe. Ya kakkaɓe riga a hankali, ya sa takalmi ɗaya, ya sa ɗayan, ya sake matsowa kusa da wayar.

"To mai kaya, Allah shi ba da kasuwa. Na hwasa. Akwai wani can gaba ya fi wanga kyau, kuma ya hi arha."

"Ina za ka?" in ji Ikilima.

"Tahiya ta ni kai. Kahin in kai bakin dalbejiyar can zai kira ni."

"Wa zai kira ka?"

"Mai kaya mana. Ba a taɓa bari na kai taki goma ba."

"Mode, saura minti bakwai!"

"Shi abin ya dama. Shi ka son saidawa."

Ya fita. Muna kallonsa ta ƙofar zaure, yana tafiya irin ta mai jiran a ce dawo, hannu a baya, kunne a waje. Ya kai taki goma. Ya ƙara biyar. Ya isa gindin dalbejiya ya tsaya, ya kama duba ganyenta kamar yau ya fara ganin itace.

Na ce mata, "Sa ɗari da biyar."

"Da bakin wa? Duk abin da nid danna ya zama alkawali, ba a janyewa. In an ci, sai an biya cikin kwana biyu, ga la'adarsu biyat cikin ɗari. In kuɗɗinai ba su kai ba, kafin alƙalamin ya tahi, su kuma rufe mani shiga. Kai ka san nawa gare shi?"

"Ban sani ba."

"To ka gani."

Na leƙa na ƙwala masa kira. Ya ɗaga mini hannu ba tare da ya juyo ba, wai in yi haƙuri, abin na aiki. Wani mai babur ya tsaya ya tambaye shi ko tafiya ce, ya kore shi.

Saura minti huɗu. Na tuna yadda na ga albasar nan shekaranjiya, ganyen ya kwanta, bakinsa ya yi fari. Na fara neman takalmina don in je in ɗauko shi a kafaɗa.

"Bari," in ji ta. "In kai ka je, gardama za ku yi har a ruhe. Ba kai yake jira ba."

Ta miƙe, ta gyara hijabi, ta tsaya a bakin ƙofa. Sai ta buɗe murya irin ta dillalan kasuwar shanu, har da shaƙewar.

"Kai mai hula ja! Alhaji! Dawo mana! Haba, a yi haka? Mai kaya yac ce ka dawo!"

Na ga kafaɗun Mode sun saki. Bai juyo nan take ba. Sai da ya tsinki ganye ɗaya, ya shinshina, ya yar, sannan ya taho yana jan ƙafa.

"Gudu za ka yi, tsohon banza!" ta faɗa da muryarta, ta sake komawa ta dillali. "A hankali, Alhaji, kasuwa taka ta!"

Ya shigo yana murmushi. "Mi nig gaya muku?"

"Yac ce ka yi haƙuri, bai gane ka ba ɗazu. Yac ce magana guda, ta gaskiya, wadda ba ta da ƙanwa."

"Ya yi laushi ke nan."

"Ya yi lugub. Hwaɗi."

"Ɗari da biyat."

"Albarka."

"Ke, ko tambaya tai ba ki yi ba!"

"Na ga huskatai. Albarka."

Saura minti biyu. Gumi ya fara tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. A karo na farko tun da muka zo ya kalli lambobin da kansa, ya ga yadda suke zubewa.

"Ɗari da goma."

"Alhaji, kai da Allah. Abin da ke ƙasan aljihu."

Ya waiga hagu da dama, ko da yake mu uku ne kawai a zauren. Ya sunkuyo, ya kare baki da hannu, muryarsa ta koma ƙasa, babu wasa a cikinta.

"Ɗari da ashirin da shida. Wallahi ko sisi babu bayansu. Tunkiyar matata Hajara nis sai da nic cika."

Ikilima ta sunkuya kan wayar. Ta cire abin da la'ada za ta ci, ta rubuta ɗari da ashirin, ta danna.

Sai wata 'yar da'ira ta fito tana juyawa.

"Mi ya hwaru?"

"Sabis."

"Sabis ɗin wa? Yanzu?"

Ta ɗaga wayar sama. Tana juyawa. Ta fita ƙofa, muka bi ta. Tana juyawa. Mode ya cire hula yana yi wa wayar fifita. Na kama wayar daga hannunta, na taka dakalin ƙofar gida, na miƙa hannu sama iya tsawona, kamar mai tsinko mangwaro.

"Ya shiga?" in ji Mode.

Na sauke. Kore. Ɗari da biyar.

"Ɗari da biyat? Ai ɗari da ashirin..."

"Rufe baki," in ji ta. "Saura daƙiƙa talatin."

Ja. Arba'in da bakwai ya sa ɗari da goma. Mode ya dafe ƙirji. Kafin ya buɗe baki, ba wanda ya taɓa komai, rubutun ya sake komawa kore. Ɗari da sha biyar.

"Wa ya danna?"

"Na'urar ita ta ɗora maka."

Muka tsaya mu uku a kan waya ɗaya, ba mai motsi. Goma. Mode yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa. Biyar. Uku. Lambobin suka tsaya. Wani rubutu ya fito, Ikilima ta karanta a ranta, ta sauke ajiyar zuciya.

"An sallama. Ɗari da sha biyat."

Mode ya zauna a kan dakali. Ya daɗe yana murza hular a hannu. Sannan ya mayar da ita kai, ya karkata ta gefe, na san ya dawo.

"Kun gani? An rubuta mai ɗari da ashirin, ya amshi ɗari da sha biyat. Kunya ta kama shi. Tahiyar nan tawa ita ta karya shi."

"Tahiyarka?"

"Da ban juya mai baya ba, da ya kira ni?"

Na ce, "Ba wanda ya kira ka sai ita."

"Sale, ba a sa ka ba."

"Bar shi," in ji Ikilima. "Tunda mai kaya abokinka na, gobe ka tahi Goronyo ka ce Mode na, a ba ka inji."

"Haka za ni yi."

"Madalla. Sai dai takardar da sunana ta hito. Lambar amsar kaya ma ga ta, yanzu ta shigo wayata. Wanda bai nuna ta ba, ko murfin tanki ba a ba shi."

"To turo mani."

"A wace waya? Wagga taka da ka ɗaure da roba?"

"Karanto, in riƙe a kai."

"Na manta karatu. Ni da ko kaza ban iya saye ba."

Ya dube ni. Na ɗaga kafaɗa. Ya sake dubanta.

"Ikilima. Ɗiyar kawuna. Hasken gidan ga."

"Ƙara."

"Wadda nin nema anka hana ni don ban kai ba."

"Yanzu ka hwara gaskiya. Wa ya kira ka daga gindin dalbejiya?"

Ya shafa gemu. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke fitowa ta hanci kafin ta kai baki.

"Wallahi tun 'mai hula ja' nig gane muryarki. Amma ƙahwahuna sun ƙi dawowa sai an kira. Da kin ƙyale ni, da ina can har magariba ina shinshinar ganye."

"Da albasa ta bushe kana jiran na'ura ta ba ka haƙuri."

"Na yarda. Kin ci. Fangalin albasa biyu na bakin rijiya naki na, in an cire ki aiko a ɗauka."

"Uku."

"Biyu da rabi."

"Albarka," ta ce, ta juya ta nufi cikin gida da wayar a hannu, tana tafiya a hankali.

Mode ya bi ta da kallo. Taki ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ya daka tsalle daga kan dakalin.

"Ke mai hijabi! Hajiya! Dawo mana, haba! Ukun, na sallama!"